Yadda za ka sa Excel ya ɗauko maka farashi daga tablo, ka daina rubuta lamba cikin formil

Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙe lissafin kantuna. Aikina kenan a nan Damagaram, ina shirya wa 'yan kasuwa fishiye na faktir da na devi (takardar ƙiyasin kuɗin kaya kafin a saya), yawanci masu kayan gini ne na wajen kasuwar Dole da Sabon Gari, kuma matsala ɗaya ce nake tararwa kusan ko'ina, wato lambobin da aka binne cikin formil. Ka buɗe fishiye ka danna gida guda sai ka ga an rubuta =C5*1,1*0,96*1,19 ka tambayi yaron kanti mene ne wannan 0,96 ɗin ya ce wallahi shi haka ya tarar, wanda ya rubuta ya koma Maraɗi tun bara. To ranar da Alhaji ya ce a canja ragi ko riba sai an bi gida ɗari uku ɗaya bayan ɗaya ana gyara, kuma dole a manta wasu.

Maganin shi ne kowace lamba da ke iya canjawa, farashin saye ne, riba ce, ragi ne, kuɗin dako ne, canjin naira ne, a ajiye ta wuri guda cikin tablo, formil kuma aikinsa kawai ya je ya ɗauko. Manyan lojisiyel na kasuwanci irin su Sage da Odoo ma haka suke aiki a cikinsu, suna da tablon kaya da tablon farashi, illa su sun rufe abin da maɓallai. In ka gane shi a Excel ka gane shi a ko'ina.

Kafin mu shiga, ku lura da yaren kwamfutarku. Yawancinmu Excel na Faransanci muke da shi, to sunan formil ɗin da ke ɗauko abu daga tablo RECHERCHEV ne kuma ana raba sassansa da alamar ; wato waƙafi mai ɗigo a sama. Amma wanda ya sayo kwamfutarsa daga Kano mai Turanci ce, shi VLOOKUP zai rubuta ya raba da waƙafi, FAUX ya zama FALSE, VRAI ya zama TRUE, EQUIV ya zama MATCH. In ka rubuta na wannan yare a cikin wancan sai ya ba ka #NOM? ko ya ƙi karɓa gaba ɗaya. Fishiyen kansa ba shi da wannan damuwa, wanda aka yi da Faransanci in aka buɗe shi a mai Turanci formil ɗin na juyawa da kansa, wajen bugawa da hannu ne kawai ake shan wahala. Ni da Faransanci zan riƙa rubutawa. Kuma duk farashin da za ku gani nan misali ne na koyarwa, kada wani ya ɗauka farashin kasuwa ne na yau.

Tablon kaya

Buɗe shafi sabo ka sa masa suna Kaya. Layi na 1 na kanun kolon ne: A lambar kaya, B sunan kaya, C farashin saye, D rukuni. Daga layi na 2 sai ka fara zubawa, FER10 rodi mai 10, FER12 rodi mai 12, TOL01 kwanon rufi, PENT20 fenti bokitin lita 20, haka dai. Lambar kaya dole ta zauna a kolon na farko ta hagu domin RECHERCHEV daga hagu yake nema ya tafi dama, ba ya waiwaye.

Sannan don Allah a kan kolon C ka rubuta ƙarara “farashi da sefa”. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, mu da baki dala muke ƙirgawa, Alhaji zai ce wa yaro sa ɗari biyu yana nufin dala ɗari biyu wato jika guda, yaro ya buga 200 maimakon 1000, kaya ya fita a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa. Kwamfuta ba ta san dala ba, abin da ka ba ta shi za ta lissafa.

Yanzu a shafin Faktir, a ce lambar kaya tana A5, yawan da aka saya yana B5. A gidan C5 sai ka rubuta:

=RECHERCHEV(A5;Kaya!$A$2:$D$300;3;FAUX)

Abu huɗu ne ciki. Na farko abin da ake nema, wato abin da ke A5. Na biyu inda za a nema. Na uku kolon na nawa za a ɗauko, 3 shi ne farashin saye tunda A ɗaya B biyu C uku, in ka sa 2 sunan kayan zai kawo maka, in ka sa 4 rukuni. Alamar $ ɗin nan kuma ita ke ɗaure tablon kada ya zame in ka ja formil ƙasa, in ba ka sa ba layi na gaba zai fara nema daga A3, na gaba daga A4, kayan da ke sama su riƙa ɓacewa ɗaya ɗaya kana ta mamaki. Ka zaɓi wurin cikin formil ka danna F4 sau ɗaya, shi zai sa su da kansa.

Na huɗun, FAUX, a nan zan daɗe domin nan ake asarar kuɗi. FAUX na nufin kawo mini wannan lambar daidai, in babu ita ka faɗa mini babu. In ka bar wurin ba ka rubuta komi ba Excel yana ɗauka VRAI ka ce, shi kuma VRAI ma'anarsa in ba ka samu ba kawo na kusa da shi ta ƙasa. Na ga wannan da idona a wani kanti, sun kawo rodi mai 14 sabo amma ba a shigar da shi tablo ba, yaro ya buga FER14 a faktir, formil ɗin babu FAUX, sai ya ɗauko farashin FER12 tunda shi ke gabansa a jeri, ba ja ba alama ba komi, lamba ce mai kyau ta fito aka buga faktir aka loda mota. Sai da aka yi kwanaki ana sayarwa haka sannan mai kantin ya kira ni ya ce “Malam zo ka duba mini, kaya na fita amma kuɗin ba su cika.” Na ce “Alhaji a yi haƙuri a ba ni faktir ɗin satin nan duka.” Cikin minti goma muka gani, kalma ɗaya ce tak ta rasa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar domin mutum ne mai amana kuma har ya fara zargin yaransa, alhali yaran ba su ci ko dala ba. Shi ya sa nake cewa #N/A da ke ba mutane haushi alheri ne, kuskure ne da ya fito fili ka gan shi kafin kaya ya bar kanti.

Riba ita ma haka. Shafi mai suna Riba, kolon A rukuni, kolon B kashi nawa cikin ɗari, ƙarfe 8%, fenti 10%, kayan lantarki 15% misali. A D5 na faktir ka ɗauko rukunin kayan da irin formil ɗin sama amma da 4, a E5 kuma ka rubuta =RECHERCHEV(D5;Riba!$A$2:$B$20;2;FAUX). Wasu na son cusa formil cikin formil don ya yi gajere, ni ban so, gara kowane mataki da kolon nasa ko da za ka ɓoye shi wajen bugawa, ranar da abu ya lalace za ka ga daidai inda ya lalace.

Inda VRAI ke da amfani: ragin mai sayen da yawa

Ba wai VRAI mugu ba ne, wurinsa daban ne. A ce tsarin kanti shi ne wanda ya sayi 20 zuwa sama a rage masa 2%, daga 50 a rage 4%, daga 100 a rage 6%. Ba za ka zauna ka rubuta 1, 2, 3 har 500 a tablo ba. Shafin Ragi layi huɗu kawai yake bukata, kolon A mafarin kowane mataki wato 1, 20, 50, 100, kolon B kuma 0%, 2%, 4%, 6%. Sai a F5:

=RECHERCHEV(B5;Ragi!$A$2:$B$5;2;VRAI)

Wanda ya sayi 35 babu 35 a tablo, sai ya sauka kan 20 ya ba shi 2%. Mai 49 har yanzu 2% ne, mai 50 cif ya shiga 4%, mai 700 yana 6%. Sharaɗi biyu ne a nan kuma ba a wasa da su. Kolon A dole ya tafi daga ƙarami zuwa babba, in ka sa 50 a saman 20 zai riƙa ba da amsar banza kuma ba zai faɗa maka ba. Sannan layin farko dole ya fara daga mafi ƙanƙantar abin da zai yiwu, in ka fara tablon daga 20 duk mai sayen guda 5 #N/A zai samu. Kuma lamba zalla ake rubutawa, kada ka rubuta “20 zuwa 49” cikin gidan, wannan rubutu ne ba ya ƙirguwa, in kana son bayani sa shi a kolon C don idon mutane.

Canjin naira

Mu da rabin kayanmu daga Kano yake shigowa, ta Matameye ko ta Magariya, ba mu da zaman lafiya da canji. Sefa dai a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655,957, ba ta motsi, naira kuwa safe daban yamma daban. Abin da yawanci ke yi shi ne gida ɗaya na canji, kullum a goge a sa sabo, to ai duk lissafin kayan da aka sayo watan jiya ya canja kenan ba ka sani ba. Abin da ya fi shi ne shafin Canji mai kolon biyu, A kwanan wata, B naira nawa ake ba da jika guda ta sefa ranar, duk ranar da canji ya motsa ka ƙara layi a ƙasa, ba a goge na baya. Kwanan wata a wurin Excel lamba ce, saboda haka VRAI na aiki da shi kamar yadda ya yi da ragi:

=RECHERCHEV(H2;Canji!$A$2:$B$500;2;VRAI)

H2 ita ce ranar da aka sayo kayan. In ranar ba a rubuta canji ba sai ya ɗauki na ranar ƙarshe kafin ta, wanda shi ne daidai. A ce ya kawo 2500, kayan kuma naira 30000 aka saye shi, sai ka raba 30000 da 2500 ka ninka da 1000, sefa 12000 kenan, jika goma sha biyu. Amma kada ka sa =AUJOURDHUI() a gidan kwanan wata, shi kullum ranar da ka buɗe fishiyen yake nunawa, devin da ka yi wa mutum ranar Litinin in ka buɗe ranar Alhamis ya zama wani abu daban. Danna Ctrl tare da alamar ; wato waƙafi mai ɗigo a sama. Zai buga maka ranar yau a tsaye ba ta sake motsi.

Kuɗin dako, gari da irin mota

Wannan tablon fuska biyu gare shi, garuruwa a tsaye ta hagu, Mirriya, Matameye, Magariya, Tanut, Gure, irin abin hawa kuma a kwance ta sama, adaidaita, ƙaramar mota, kamiyo. Kai Mirriya da ke nan kusa wajen kilomita 18 ba ɗaya ba ne da kai Tanut, kuma kamiyo ba adaidaita ba ne, to mahaɗar gari da mota ake nema. A nan INDEX da EQUIV ake haɗawa:

=INDEX(Dako!$B$2:$D$6;EQUIV(J2;Dako!$A$2:$A$6;0);EQUIV(K2;Dako!$B$1:$D$1;0))

Kada tsawonsa ya tsorata ka. EQUIV na farko yana ƙirga garin da ke J2 na nawa ne a jeri, na biyu yana ƙirga motar da ke K2 ta nawa ce, INDEX kuma ya je layi kaza kolon kaza ya ɗauko abin da ke wurin. Sifilin da ke ƙarshen kowane EQUIV shi ne FAUX ɗinsa, in ka manta shi ka koma cikin matsalar rodi mai 14. Inda babu farashi, kamar adaidaita zuwa Gure da ba wanda zai yi, rubuta BABU cikin gidan, in ka bar shi fanko sifili zai fito kamar dako kyauta ne.

Sunan gari kuwa fitina ce mai zaman kanta, wannan ya rubuta Mirriah wancan Mirria wani Mirriya, Matameye wani ya sa masa aksan wani bai sa ba, Excel bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba amma e da é daban suke a wurinsa. Kada ka bar kowa ya buga da hannu. Zaɓi J2, je Données, Validation des données, zaɓi Liste, ka nuna masa kolon garuruwan, daga nan sai dai a zaɓa cikin jeri. Yi wa lambar kaya ma haka, rabin #N/A ɗinka ya tafi kenan.

TVA

TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, lamba ɗaya ce ba ta bukatar nema, 19% ne babban mizani a Nijar. Sa ta a gida guda ka danna akwatin suna da ke sama ta hagu ka rubuta TVA, daga nan cikin formil TVA kawai za ka riƙa rubutawa. In cikin kayanka akwai waɗanda mizaninsu daban ne ko ba a ɗora masu, ƙara kolon a tablon Riba kowane rukuni da nasa, kuma kontabul ɗinka ko ma'aikatan haraji su ne za su faɗa maka wane kaya ke ina, kada ka yi ƙiyasi.

Mu haɗa duka mu gani. Kaya an saye shi 4000, riba 10% ya zama 4400, mutum ya ɗauki 60 ragi 4% ya koma 4224, TVA 19% ya kai 5026,56. Formil ɗin a G5 shi ne =C5*(1+E5)*(1-F5)*(1+TVA) ka ga babu lamba ko ɗaya da aka binne. Tunda ba wanda zai ba ka canjin 56 santim sai ka nannaɗe shi da =ARRONDI.AU.MULTIPLE(G5;25) ya ba ka 5025, jika biyar da dala biyar. A ƙarshe ake wannan zagayewar sau ɗaya, in kana yi a kowane mataki ƙananan bambanci na taruwa su zama kuɗi a babban oda.

In #N/A ya fito alhali kana ganin kayan a tablo

Wannan shi ke sa mutane su yi fushi su goge formil su buga farashi da hannu, kada ka yi. Kusan kullum ɗaya cikin abu uku ne. Ko dai akwai fili a ƙarshen lambar da ido ba ya gani, FER10 da fili a bayansa ba FER10 ba ne, SUPPRESPACE na share shi, in kuma daga wani lojisiyel ko intanet aka kwaso jerin akwai wani fili mai taurin kai da sai =SUBSTITUE(A2;CAR(160);"") ke cire shi. Ko kuma lambar kayan ƙidaya ce zalla kamar 1050, a tablo tana matsayin rubutu a faktir tana matsayin lamba, za ka gane ta da ɗan koren alama a kusurwar gidan kuma ta jingina hagu maimakon dama, CNUM na maida ta lamba. Irin wannan ne ke faruwa in an buga 2.5 da ɗigo a Excel na Faransanci da ke son 2,5 da waƙafi. Na uku, an ƙara kaya a layi na 301 alhali formil ya tsaya a 300, maganinsa ka danna cikin tablon ka yi Ctrl da L ya zama tablo na gaske wanda ke faɗaɗa da kansa, sannan ka sake nuna wa formil ɗin shi.

Akwai masu rufe kuskuren da =SIERREUR(formil;0) don faktir ya yi kyan gani. Wallahi wannan ya fi komi haɗari, kayan da babu a tablo zai fito a sifili, jimla ta haɗu lafiya lau, ka ba da kaya kyauta da hannunka. In za ka rufe to rufe da magana, =SI.NON.DISP(formil;"BABU A TABLO") yana nan tun Excel 2013, shi #N/A kaɗai yake kamawa ya bar sauran kurakurai su fito, kuma lissafin da ke gaba zai tsaya har sai an gyara.

Sai lamba biyu iri ɗaya. In PENT20 ya shiga tablo sau biyu, tsohon farashi a sama sabo a ƙasa, na saman kullum za a ɗauko. Sa =NB.SI($A$2:$A$300;A2) a gefe ka ja ƙasa, duk inda ka ga 2 ka goge ɗaya. Haka in wani ya cusa sabon kolon a tsakiyar tablon Kaya, lambar 3 ɗin da ke cikin RECHERCHEV ba ta gyara kanta, sai ta koma ɗauko wani abu daban, saboda haka sabon kolon a ƙarshen dama ake ƙara shi. Masu Excel 2021 ko Microsoft 365 suna da RECHERCHEX wanda ba shi da wannan lalura, =RECHERCHEX(A5;Kaya!A:A;Kaya!C:C;"BABU A TABLO") kuma shi daidai yake nema ko ba ka ce masa ba, sai dai in abokin aikinka Excel 2016 ko 2019 gare shi ba zai yi masa aiki ba, to ka san wa za ka tura wa kafin ka zaɓa.

Abu guda da ya kamata ka riƙe, formil ɗin nan raye yake, ka canja farashi a tablo yau duk faktir ɗin da ke cikin fishiyen ya canja har na watan jiya. Don haka da ka gama faktir ka fitar da shi PDF ka ajiye da lamba da kwanan wata, shi ne shaidarka in mai saye ya dawo. Shafukan tablo kuma ka kulle su, Révision sannan Protéger la feuille, mutum ɗaya ko biyu kawai su san kalmar sirri. Ctrl da S ya zama al'ada tunda kun san halin kuran, wato wutar lantarki, a garin nan lokacin zafi, kuma kwafi ɗaya a kile USB duk ƙarshen sati.

Kafin ka miƙa fishiyen ga yaran kanti zauna da kalkuleta ka gwada shi da gangan. Buga lambar kayan da ka san babu ita ka tabbata ya ƙi. Buga 19 da 20, 49 da 50, 99 da 100 ka ga ragin na tsallakawa daidai wurin da Alhaji ya ce. Sa kwanan watan da ya riga layin farko na Canji ka ga ya yi kuka. Ɗauki kaya na farko da na ƙarshe a tablo ka ga duka suna fitowa. Sannan ɗauko tsohon faktir guda uku da aka yi da hannu ka sake yin su a ciki, in jimla ta bambanta ko da dala ɗaya ce ka bi kolon kolon daga C5 har ka ga inda suka rabu.